Lodin Hotuna a Faranti Ɗaya



Yau ciniki da yawa a waya ake fara shi. Mai shanu yana Bawku, mahauci yana mayankar Kumasi. Mai albasa ya taso daga Galmi, dillalinsa yana jira a nan. Kafin mota ta iso sai ka ji an ce, "Turo hoto in gani." To ga hoto goma sha biyu, wani a tsaye wani a kwance, ga kuma sabis ɗin bakin iyaka da kun san halinsa. Biyar su tafi, bakwai su maƙale, wanda aka tura wa kuma ya kasa gane wane sa ake yi wa kuɗi. Maganin abin shi ne a haɗe su duka su zama hoto guda.

Akwai manhajar kyauta mai suna ImageMagick da ke wannan aiki. Wani mai suna John Cristy ne ya fara rubuta ta a Amurka a 1987, aka sake ta ga jama'a a 1990. Ba ta da maɓallan dannawa, umarni ake rubuta mata a baƙin allon nan na kwamfuta. Kada wannan ya tsorata ku. Ba lallai ne Alhaji ya zauna da kansa ba. Yaron shago, ko mai buga takardu na unguwa, zai iya. Tana shiga wayar Android ma ta cikin Termux.

Hanyar da kowa ke fara bi ita ce wannan:

magick montage *.jpg -tile 3x -geometry 500x500+4+4 kaya.jpg

Ma'anarsa, kwashe duk hotunan da ke wurin, ka jera su uku-uku, kowane a cikin gida mai faɗi 500 da tsawo 500. Yana aiki, amma akwai ɓarna. Hoton waya da aka saba, in tsawonsa 500 ne faɗinsa 375 ne. Kun ga ke nan kashi ɗaya cikin huɗu na kowane gida fili ne fari fat. Farin filin ba ya cin data sosai, gaskiya, amma yana cin takarda in an je bugawa, kuma yana sa shanun su ƙanƙance a fuskar waya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana lodin tirela ya san ba a ware wa kowane buhu wuri iri ɗaya. Layi-layi ake yi, ana duba abin da zai zauna kusa da ɗan'uwansa. Haka za ku yi wa hotuna, kuma a ganina wannan hanyar ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Ku fara daidaita tsawonsu, ku bar faɗi ya zo yadda ya zo:

magick sa1.jpg sa2.jpg sa3.jpg -auto-orient -resize x500 +append layi1.jpg

Wannan ya manna hotuna uku gefe da gefe, babu rata. Kalmar -auto-orient ita ke miƙar da hoton da waya ta kifar. Ku yi layi na biyu haka nan, sannan ku ɗora su:

magick layi1.jpg layi2.jpg -resize 1500x -append -strip -quality 80 kaya.jpg

Yanzu layukan sun zama faɗi ɗaya, wani bisa wani, ba ko ɗan fili. Ku lura da alamar da ke gaban append: mai ƙari tana jerawa a kwance, mai ragi tana ɗorawa sama da ƙasa. Nan ne fa hankalin mutum ke shiga, domin manhajar ba ta zaɓa muku wanda zai zauna da wane. Layin da ke da hoto biyu zai fito da girma fiye da mai huɗu. Saboda haka babban san da kuke so ido ya fara sauka a kansa, ku sa shi a layin da ba cunkoso.

Akwai abin da nake roƙon ku kada ku yi. In aka rubuta 500x500 aka bi shi da alamar motsin rai, manhajar za ta matse hoton dole ya cika gidan. Ramammiyar saniya sai ta fito kamar ta sha dusa wata uku. Wani zai ce ai riba ce. Ranar da mota ta sauke a Kumasi mai saye ya ga zahiri, cinikin ya watse, kuma a zango labari ba ya kwana.

Ita kuwa -strip ɗin can, makiyaya ku riƙe ta da kyau. Waya takan ɓoye bayanin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton kansa, in an kunna mata hakan. Idan kuka tura shi a WhatsApp a matsayin fayil don kada ya dusashe, bayanin yana tafiya tare da shi, wato inda garkenku yake kwana. Da ɓarayin shanu a gari, wannan ba abin wasa ba ne. Kalmar nan ita ke goge shi.

Takardu kuma dabam suke da dabbobi. Rasit, takardar likitan dabbobi, takardar kwastan, kada ku cusa fiye da biyu a faranti ɗaya, don in rubutu ya ƙanƙance ba mai iya karanta lamba. Katin ɗan ƙasa kuwa kada ya shiga hoton da za a jefa a zauren 'yan kasuwa. Kuma jami'in da ke Paga takardar ainihi zai tambaye ku, don haka ta kasance a aljihu.