Makullan Da Ba Su Da Ƙofa: Haƙƙin Falasɗinawa Na Komawa Gida

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da amincinsa su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa, a yau za mu tsaya a kan haƙƙi guda ɗaya wanda ake so duniya ta manta da shi, wato haƙƙin Falasɗinawa 'yan gudun hijira na komawa gidajensu.

A yaƙin 1948, lokacin da aka kafa ƙasar Isra'ila, Falasɗinawa fiye da 700,000 aka kora ko suka tsere, ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai. Wannan ita ce Nakba, wato babbar masifa. Da yawansu sun kulle ƙofa suka tafi da makulli, suna zaton bayan 'yan makonni za su dawo. Har yau makullan suna hannun jikokinsu.

A ranar 11 ga Disamba 1948 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 194, wanda ya ce duk mai son komawa gidansa ya zauna lafiya da maƙwabtansa a bar shi ya koma, wanda kuma bai so ba a biya shi diyya. Isra'ila ta ƙi aiwatarwa.

Ina suke yanzu? Hukumar UNRWA, wadda aka kafa a 1949 domin kula da su, tana da rajistar mutum kusan miliyan 6, wasunsu a sansanoni 58 a Jodan, Labanan, Siriya, Gaɓar Yamma da Gaza. A Labanan wata doka ta 2001 ta hana su mallakar gida ko fili. Mafi yawan mutanen Gaza zuriyar korarrun 1948 ne, ga shi yaƙin da ya ɓarke a Oktoba 2023 ya sake raba akasarinsu da muhallansu. A Oktoba 2024 kuma majalisar dokokin Isra'ila ta haramta wa UNRWA aiki a yankunan da Isra'ila ke ɗauka a matsayin ƙasarta.

To, mene ne namu? Na farko, ilimi. Wanda ya fito kare haƙƙi bai san tarihinsa ba, da tambaya ɗaya ake kayar da shi. Na biyu, adalci a harshe. Kada mu yaɗa hoto ko adadin da ba mu tantance ba, kada kuma mu ɗora laifin gwamnati a kan kowane Bayahude, domin a cikinsu akwai masu adawa da wannan zalunci. Na uku, taimako ta hannun amintattu, tare da addu'a.

Daɗewar zalunci ba ta halatta shi, kuma haƙƙi ba ya tsufa matuƙar akwai mai nemansa. Allah Ya taimaki waɗanda aka zalunta, Ya mayar da su gidajensu cikin aminci.

Wassalamu alaikum.