Jawabin Yaye Sabbin Likitoci a Jami'ar André Salifou ta Damagaram

     

Yaran nan sun sha karatu, sun kwana gadi a Babban Asibitin Damagaram, sun karɓi haihuwa, sun yi damina a ɗakin yara masu masassara. Allah ya yi musu albarka. Sabbin likitoci, maganar da ke tafe taku ce.

Akwai sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin B na garkuwar jiki, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, take kuma ɗauke da sunansa. A Turai ba kasafai ake ganinta ba, amma a ƙasashen sauro yara take kamawa, domin yawan masassara da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964, su ke share mata hanya. Ana kawo yaro muƙamuƙi ya kumbura, haƙora suna girgiɗi, ko ciki ya yi tulu. Sai a ce hangum ne, ko ciwon haƙori, ko tarin fuka na kaluluwa, a rubuta magani a sallame shi. Ƙarin kuwa yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ido ba ya tabbatar da ita. Sai an tsaga ko an zuƙi ɗan nama da allura, ƙwararre ya duba a madubin awo. In kuwa sai naman ya yi tafiyar kilomita kusan 900 zuwa Yamai ya jira layi, cutar ta riga takardar sakamakon isowa.

Za a ce mana masassara da tamowa sun fi kisa, kuɗi kuma ba yawa. Gaskiya ne. Amma wannan sankara tana cikin masu jin magani in an kama ta da wuri, kuma ɗura wa yaro maganin sankara bisa zato zalunci ne, ga ɓarnar kuɗin iyayensa. Saboda haka, mai girma Gwamna, roƙonmu ɗakin awon nama mai cikakkun kayan aiki, da sinadaran rini da ba sa yankewa, da gurbin ƙaro karatu ga ko da mutum biyu daga cikin waɗannan da ke sanye da farar riga a gabanka.