Shiri na wannan makon: Ranar da giwa ta sayi agwagwar Shikago

 Ga masu ƙarancin data, ga rubutun shirin kamar yadda muka saba.

Yau zan kai mu Amurka, kasuwar giya. Na san wani zai ce, malam, me ya kai ka? To, ba talla nake ba, kuma kowa ya san hukuncinta a addininmu. Kasuwancin nake so mu duba, domin ban san wata sana'a da ta nuna yadda babban kamfani yake zama da ƙananan masu sana'a ƙarara kamar wannan ba.

A ƙarshen shekarun 1970, masana'antun giya a duk faɗin Amurka ba su kai ɗari ba, kuma manya 'yan kaɗan ne suka riƙe kasuwar. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa tasa a gida. Daga nan masu gwaji a kicin suka fara buɗe ƙananan wurare, kowa da irin ɗanɗanonsa. Yau an haura dubu tara.

Ɗaya daga cikinsu shi ne John Hall, wanda ya buɗe Goose Island a birnin Shikago a 1988. Ma'anar sunan, tsibirin agwagwa. Ɗansa Greg ne shugaban masu dahuwa, kuma shi ya yi suna da wata dabara: ya zuba baƙar giya a tsofaffin gangunan katako ya bar ta ta yi watanni. Suna da wata kuma mai suna 312, wato lambar wayar tsakiyar birnin. Kun ga, abin da suke sayarwa ba abin sha kawai ba ne. Suna sayar da cewa mu 'yan gari ne, naku ne.

Sai a watan Maris na 2011 labari ya fito cewa Anheuser-Busch, masu Budweiser, sun saye kamfanin a kan dala miliyan 38.8. Ku kwatanta: shekara uku kafin nan, an sayi ita kanta Anheuser-Busch a kan dala biliyan 52. Wato kuɗin agwagwa canji ne a aljihun giwa. Amma gari ya ɗauki zafi. Wasu masu mashaya suka daina sayar da kayan, wasu masu saye suka ce an ci amanarsu.

To me ya sa John Hall ya sayar? Ba karyewa ya yi ba fa. Kasuwa ce ta fi ƙarfinsa. Ana nema, ba ya iya dafa abin da zai isa, ƙarin tukwane kuma sai da miliyoyi. Duk wanda sana'arsa ta taɓa yin albarka ya san wannan ciwon.

Nan ne gaɓar da nake so ku riƙe. Tun da aka ɗage haramcin giya a Amurka a 1933, yawancin jihohi suka raba harkar gida uku: mai dafawa, dillali mai rarrabawa, da mai shago. Galibi sai ta hannun dillali kayanka za su isa kanti. Dillalin nan kuwa, wa yake cika masa mota kullum? Babban kamfani. Saboda haka ƙarfin giwa ba a ɗanɗano yake ba, a hanya yake. Ita ke da motoci, ita ke da firiji, ita ake ba wa wuri mai kyau a kanta. Har ta kai a 2016 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta gindaya wa kamfanin sharaɗi cewa kada ya yi amfani da tukuici wajen hana dillalai ɗaukar kayan abokan gasa.

Amma mu yi adalci. Bayan cinikin, Goose Island ta shiga kusan ko'ina a Amurka, har ƙasashen waje. Kuma wasu da suka koyi aiki a can sun fita sun kafa nasu a Shikago, irin su Revolution da Off Color. Tsohon gidan ya zama makaranta. Sai dai ita 312 mai lambar wayar Shikago, an koma ana dafa ta a wata babbar masana'anta a jihar New York. Suna na nan, gari ya tafi.

Ƙananan ma ba su naɗe hannu ba. Ƙungiyarsu ta ce idan babban kamfanin giya ya mallaki kashi 25 cikin ɗari na jarinka, ka fita daga sahunsu. A 2017 suka fito da tambari, hoton kwalba a kife, don mai saye ya gane mai cin gashin kansa.

Shin sayen suna yana biya kullum? A'a. An sayi Ballast Point a kan dala biliyan ɗaya a 2015, bayan shekara huɗu aka rabu da ita da asara. Sapporo ta Japan ta sayi Anchor ta San Francisco a 2017, ta rufe ta a 2023, kamfanin da ya haura shekara ɗari. Kuɗi na sayen tukunya da tambari, amma yardar unguwa ba ta bin takardar ciniki.

Kada ku ɗauka labarin nesa ne. Kamfanin da ya sayi Goose Island shi ke da International Breweries a Najeriya. Kuma tambayar ɗaya ce ga mai zoɓo, mai kunun aya, mai yogot: ranar da kayanka suka karɓu, wa ke da hanyar kai su kasuwa? Idan aka zo da jakar kuɗi, me za ka sayar, me za ka riƙe?

Ni dai ban ga laifin John Hall ba, amma na fahimci waɗanda suka ji haushi. Ku fa, da ku ne, za ku sayar? Ina jiran ra'ayoyinku. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.