Wanda Aka Ajiye Ranar Kofi



Maganarmu ta yau a kan ƙwallon Ostareliya take, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa, mutum 18 kowane ɓangare. Bisa al'ada, ran Alhamis da maraice ake bayyana sunayen waɗanda za su shiga fili, daga nan gardama ta kaure tsakanin magoya baya.

A 1993, Derek Kickett na ƙungiyar Essendon ya buga kowane wasa na shekarar, amma da aka zo wasan ƙarshe na cin kofi, mai horarwa Kevin Sheedy ya ajiye shi. Waɗansu suka ce ai wasansa ya ja baya, waɗansu suka ce wannan butulci ne. Essendon ta doke Carlton da ratar maki 44, murna ta rufe bakin masu ƙorafi. Kickett kuwa ya bar ƙungiyar, ya koma Sydney.

To, mu da gobe za mu zauna a ofis muna zaɓen ma'aikata, wannan ya shafe mu. Nasara takan sa jama'a su yi shiru, amma ba ita ke wanke hukunci ba. In ya zama dole mu ajiye wanda ya sha wahalar aiki, hakkinsa ne mu kira shi, mu gaya masa dalili baki da baki.