Yadda Ake Neman Ɗan Kwangilar Kankare Mai Amana

 Abin da zan yi magana a kansa yau ya shafi kowane magidanci, ko a Sakkwato yake zaune, ko Maiduguri, ko kuwa Sabo ta Ibadan ko Agege ta Ikko, watau maganar gini. Mutum yakan shekara goma, wani ma ashirin, yana tara ɗan abin da ya samu domin ya mallaki muhallin da zai sa iyalinsa. Ran da kuɗi suka taru sai ya danƙa su ga wanda bai san shi ba sai jiya, ya ce masa, "Ga shi, ka zuba mini kankare." To, yadda za a sami wannan mutum, da yadda za a gwada shi, da yadda za a yi ciniki da shi, su ne abubuwan da nake so mu duba tare.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake cikin ginawa ya rushe a unguwar Ikoyi ta Ikko, mutum fiye da 40 suka rasu. A ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya faɗo a unguwar Busa Buji ta Jos yara suna cikin aji, aka rasa rai 22. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Ƙananan gidajen da rufinsu ya lotsa, ko ginshiƙinsu ya dare, masu su kaɗai suka san irin asarar da suka yi.

Abin da ya sa aikin kankare ya bambanta da sauran ayyukan gini shi ne, yana ɓoye laifin mai yinsa. Bango in ya karkace ido yana gani, sai a rushe a sake. Kwanon rufi in ya yi yoyo sai a canza shi. Amma kankare da zarar ya daskare, ya rufe yawan simintin da aka sa, ya rufe kaurin rodin da ke ciki, ba mai sake ganinsu sai ranar da aka shiga uku. Saboda haka amanar mai aikin ita ce abu na farko da kake saye da kuɗinka.

Tun ran gini, tun ran zane

Kafin ka nemi ɗan kwangila, lalle ne ka fara sanin girman aikinka. In daɓen tsakar gida ne, ko 'yar magudanar ruwa a ƙofar gida, birkila mai hannu ya isa. Amma in aikin ya haɗa da ginshiƙai, ko dekin, ko hawa na biyu, ko tankin ruwa a sama, to, sai da taswirar da injiniya ya zana ya sa mata hatimi. Shi ne zai ƙayyade zurfin harsashi, da kaurin rodi, da tazarar da ke tsakanin rodi da rodi. Ƙasar da za a yi gini a kanta ba iri ɗaya ba ce. Baƙar lakar da ke yankin Tafkin Chadi takan kumbura da damina ta tsattsage da rani, ƙasar bakin teku kuwa ruwa ne a ƙarƙashinta. Harsashin da ya dace da Kano ba lalle ya dace da Fatakwal ba.

Doka ta tanadi hukumomin da ke tantance masu wannan sana'a. Akwai ARCON ta masu zanen gidaje, wadda aka kafa a 1969, da COREN ta injiniyoyi, wadda aka kafa a 1970, da kuma CORBON ta magina, wadda aka kafa a 1989. Duk wanda ya ce maka shi injiniya ne, ka tambaye shi lambar rajistarsa, ka bincika ta a wurin hukumar. Mai gaskiya ba ya fushi da wannan tambaya. Sa'an nan ka kai taswirar ofishin tsara birane na jiharka, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ka karɓi izini a rubuce. Ɗan kwangilar da ya ce maka izini ɓata lokaci ne, ya riga ya nuna maka halinsa tun ba a fara ba.

Inda ake samunsa

Hanya mafi kyau ita ce ta bakin waɗanda ya yi wa aiki. Ka tambayi maƙwabta da abokan aiki waɗanda suka yi gini shekara uku ko biyar da suka wuce, gama gini sabo kowanne kyakkyawa ne, sai ya sha damina biyu ko uku sa'an nan gaskiyarsa take fitowa. Ka tambayi injiniyan da ya yi maka taswira. Har masu sayar da siminti da rodi ma sun san wanda yake sayen kaya masu kyau, sun kuma san wanda yake zuwa neman na araha alhali an ba shi kuɗin mai tsada.

Ka tara sunaye uku a ƙalla. Kowannensu ya nuna maka aikinsa iri biyu: wanda ya gama tuntuni, da wanda yake kai yanzu. Gani ya kori ji. A tsohon ginin ka ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin dekin. Akwai tsaga? Akwai tabon tsatsa da ke nuna rodi ya fito fili? Akwai ramuka irin na saƙar zuma a jikin ginshiƙi? Ka keɓe da mai gidan, ba a gaban ɗan kwangilar ba, ka tambaye shi ko an gama aiki a kan lokaci, ko an yi ta ƙara masa kuɗi, ko kuma mutumin ya dawo ya yi gyara sa'ad da aka kira shi. A wurin sabon aikin kuwa ka lura da inda ya ajiye siminti, ka kuma ji daga bakin leburori ko yana biyansu haƙƙinsu. Wanda yake danne kuɗin lebura ba zai ji kunyar danne buhun simintinka ba. In ya ce yana da kamfani, ka nemi ganin takardar rajistarsa ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, ka kuma san ofishinsa ko gidansa. Mutumin da ba ka san kome nasa ba sai lambar waya, in ya kashe wayar ina za ka neme shi?

Yadda za ka gwada saninsa

Ba sai ka zama injiniya ba kafin ka yi masa 'yan tambayoyi. Da fari ka tambaye shi yadda zai haɗa kwaɓin. Awon da aka saba da shi a ƙananan gine-gine, in kankaren mai rodi ne, shi ne kashi 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki kamar biyu, saboda haka buhu ɗaya zai ci kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. In injiniya ya rubuta wani awo dabam, nasa za a bi. Wanda ya ce maka shi da ido yake awo, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Ka tambaye shi ruwa nawa zai sa. Buhu ɗaya bai kamata ya sha fiye da kimanin lita 25 ba, watau jarka guda. Leburori suna son ruwa ya yi yawa domin kwaɓin ya yi sauƙin juyawa, amma ruwan da ya wuce kima yakan ƙafe ya bar ƙananan ƙofofi a ciki, ƙarfin kankaren ya ragu ƙwarai. Ka tambaye shi ko zai kawo injin kwaɓi da injin girgiza wanda yake fitar da iska. Dekin ba aikin shebur kaɗai ba ne.

Ka tambaye shi kuma inda zai samo yashi. Yashin da ke da laka, ko gishiri irin na bakin teku, ba ya kama siminti sosai, gishirin kuma yana cin rodi. Gwajinsa ba wuya: a zuba yashi cikin kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a samansa, a mayar da shi. Siminti kuwa yana da ajali. In ya wuce kamar wata uku a ajiye, ko ya sha danshi ya yi gudaji, ƙarfinsa ya fara tafiya. Dattawa suna tune da shekarar 1975, sa'ad da ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi watanni suna jiran sauke kaya a tashar Ikko, har wani ya daskare a cikinsu. Abin da ya faru a teku yana iya faruwa a ɗakin ajiyarka, in aka jibge buhuna a ƙasa ba katako a ƙarƙashinsu.

Ciniki da yarjejeniya

Ka ba mutanen nan uku taswira iri ɗaya, kowa ya rubuto farashinsa dalla-dalla: buhun siminti nawa, rodi nawa kuma wane kauri, ko mai milimita 12 ko mai 16, tifar yashi da ta tsakuwa nawa, katako nawa, ladan aiki nawa. In ka ga na wani ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran, kada ka yi murna. Farashin siminti ɗaya ne gare su duka a kasuwa, saboda haka ragin da ya yi maka daga cikin gininka zai fanshe shi. Araha ba ta ado.

In kun daidaita, a rubuta yarjejeniya, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. A bayyana aikin da za a yi, da wanda zai sayi kaya, da ranar farawa da ta gamawa, da yadda za a biya, da abin da za a yi in aiki ya ɓaci. Ku sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai isa a fara aiki. Sauran a biya mataki-mataki: bayan harsashi, bayan ginshiƙai, bayan dekin, kowanne sai injiniya ya duba ya yarda. Al'ada ce a manyan kwangiloli a riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har wata 6 bayan gama aiki, domin in wani aibi ya bayyana mai aikin ya dawo ya gyara. Ba abin da zai hana talaka ya yi haka. Kowane kuɗi ka bayar ka karɓi rasit, ko ka biya ta banki domin shaida ta tabbata.

Ranar zubi da bayanta

Kada a zuba kome sai injiniyanka ya zo ya ƙirga rodi ya auna tazararsu. Ya tabbatar an ɗaga su daga kan katako da 'yan gutsattsarin kankare, yadda kwaɓi zai lulluɓe su da kaurin kamar milimita 25, domin kada tsatsa ta kama su. Ran zubin ka kasance a wurin tun da safe, ko ka wakilta wanda ka amince da shi. A ƙirga buhuna kafin a fara, a ƙirga fankon buhuna bayan an gama. In aikin babba ne, a ɗebi samfurin kwaɓin a kai ɗakin gwaji, a matse shi bayan kwana 7 da bayan kwana 28, gama a kwana 28 ne ake auna cikakken ƙarfin kankare.

Akwai wani kuskure da mutane da yawa suke yi: suna tsammani rana ce take ƙarfafa kankare. Ruwa ne yake ƙarfafa shi, domin siminti yana ci gaba da haɗuwa da ruwa kwana da kwanaki. Saboda haka wajibi ne a riƙa yi masa ban ruwa safe da yamma har kwana 7 a ƙalla, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, balle ma lokacin hunturu da bazara sa'ad da iska take busar da kome nan da nan. A sa wannan a cikin yarjejeniya, a faɗi wanda zai yi. Haka kuma kada ka yarda a cire tokaran da ke riƙe da dekin kafin mako biyu zuwa uku, ko abin da injiniya ya ƙayyade, wai don ɗan kwangila yana bukatar katakonsa a wani wuri. Sauri ya haifi nawa.

Daga ƙarshe, jama'a, ina so in yi wa masu gini kansu gargaɗi, domin ba kullum laifin yake kan ɗan kwangila ba. Akwai mai gidan da yake matsa wa mai aiki ya rage siminti. Akwai wanda zai ɗora hawa na uku a kan harsashin da aka yi domin hawa ɗaya, ba tare da ya tuntuɓi injiniya ba. In kuɗinka ba su isa ba, ka gina abin da suka isa, ka dakata. In kuwa ka sami ɗan kwangilar da ya ƙi bin son ranka ya tsaya a kan ƙa'ida, ka riƙe shi da kyau, ka biya shi haƙƙinsa a kan kari, ka kuma nuna shi ga maƙwabcinka. In ka ga gini a unguwarku ya tsage ko ya karkata, ka kai rahoto ofishin tsara birane tun kafin ya faɗo, gama yaran da suke wasa a gindinsa namu ne duka.