Gidan silima na Yamai da ya sauya suna sau biyu

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, to yau za mu waiwayi wani gida ne a birnin Yamai, wanda ke daura da gidan tarihi na Boubou Hama. Tsofaffin mutanen gari da "Franko" suka san shi, wato cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. In ka ce wa mai taksi ya kai ka CCFN, ba sai ka yi masa kwatance ba.

An kafa gidan a 1963, shekara 3 ke nan bayan ƙasa ta samu 'yancin kai. A cikinsa akwai ɗakin karatu, akwai zauren kallo, akwai kuma babban dandali a fili wanda ba shi da rufi, inda ake jira rana ta faɗi a kunna majigi. Wanda ya taɓa zama a wurin lokacin hunturu ya san abin da nake nufi: ga sanyi yana ratsa ka, ga hasken majigi yana wucewa bisa kanka, ga masu gyaɗa da rake a bakin ƙofa.

Gidajen silima ba su yi ƙaranci a Yamai ba a da. An yi Vox, an yi Zabarkan, an yi Jangorzo. Can ake zuwa kallon kaboyi da Indiya da 'yan karate, ka biya ka shiga, a tashi ka koma gida. Abin da ya bambanta Franko shi ne, ban da kallo, a nan aka koya wa 'yan ƙasa riƙe kyamara. A shekarun 1960 akwai ƙungiyar matasa masu sha'awar fim a cikin gidan, kuma wani Bafaranshe mai suna Serge Moati yana cikin waɗanda suka tsaya mata.

Daga cikin matasan nan har da Oumarou Ganda. Shi dai an haife shi a Yamai a 1935. Yana yaro matashi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocina. Da ya dawo bai samu aiki ba, sai ya gangara Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. A can Jean Rouch ya gamu da shi, ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Da Ganda ya komo gida, a Franko ya koyi aikin sosai, har ya rubuta labarin kansa: sojan da ya dawo daga yaƙi da 'yan kuɗinsa, abokai da maroƙa suka taya shi cinyewa, da aljihu ya bushe kowa ya watse. Shi ne Cabascabo, da harshen Zabarmanci, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969. Kun ji fa, ɗan dako ya kai fim Faransa.

Bai tsaya nan ba. Ya yi Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido kan yarinyar da aka riga aka yi wa miji, ya aure ta ta uku, abin ya ƙare da zubar da jini. A 1972, karon farko da bikin FESPACO na Wagadugu ya ba da babbar kyautarsa ta Dokin Yennenga, wannan fim ne ya ɗauke ta. Ke nan kafin kowace ƙasa ta Afirka ta taɓa wannan doki, Nijar ce ta fara hawa. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, kuma har gobe akwai wata cibiyar al'adun a Yamai da ke ɗauke da sunansa.

Na biyu shi ne Moustapha Alassane, haifaffen 1942. Wannan tun yana yaro yake yanka kwali yana haska fitila, yana nuna wa yaran ƙauye inuwa a jikin ƙyalle. A 1962 ya yi fim ɗinsa mai suna Aouré, wato aure da Hausarmu. Ya je Kanada ya ƙaro ilimin fim na zane. A 1966 ya fito da Bon voyage Sim, inda kwaɗo ne shugaban ƙasa, ana yi masa faretin ban girma za shi ziyarar aiki. Kowa ya kalla ya yi dariya, kowa kuma ya san da wa ake. A shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi garinsu. A ciki aka ga Zalika Souley, wadda ta sha zagi da tsangwama a gari saboda ta yarda ta fito a fim tana 'ya mace. Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2021.

To yaya sunan Jean Rouch ya hau kan gidan? Rouch ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma ɗaukar fim, shi da aminansa Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane. Manya a cikinku ba su manta Cocorico Monsieur Poulet ba, da 'yar ƙaramar motar nan ta sayen kaji da ake ƙetare kogi da ita. A Fabrairun 2004 Rouch ya zo Nijar bikin tuna finafinan ƙasar. Ranar 18 ga wata, da dare, motarsu ta yi hatsari kusa da Birnin Ƙonni, ya mutu yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Bayan haka aka sa wa gidan sunansa.

Ga abin da ya sa na ce ku kasa kunne. A cikin motar nan da ta yi hatsari, har da Moustapha Alassane. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa, ya koma Tawa ya ci gaba da zanensa, sai a Maris na 2015 ya rasu a Wagadugu. Bayan sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023, dangantaka da Faransa ta lalace, sojojinta suka fice a Disamba, ofishin jakadancinta ya rufe. A Oktoban 2024 hukumomi suka sauya sunayen wasu wurare a Yamai. Titin Charles de Gaulle ya koma Djibo Bakary, gidan Jean Rouch kuma ya koma gidan Moustapha Alassane. Mutum biyu, aminan juna, mota guda, yau an sauke allon ɗaya an ɗora na ɗaya. Ikon Allah ke nan.

Na ji ana ta muhawara a majalisu, wasu na cewa an yi daidai, wasu na cewa an yi wa Rouch butulci. Ni a ganina Alassane ya cancanci allon nan, ko ba a yi rigima da kowa ba. Damuwata tana wani wajen. Sauran gidajen silimar da na lissafa, ai ba sauya suna ne ya kashe su ba. Tele ta shigo, bidiyo ya shigo, kasakasan Kano da na Indiya suka cika kasuwa daga shekarun 1990, kowa ya zauna a tsakar gidansa yana kallo. Yanzu ma salula ta raba mu da tsakar gidan. Franko ya tsira ne don ba da kuɗin tikiti kaɗai yake rayuwa ba, ƙasashe biyu ne ke riƙe da shi. Yau hannu ɗaya ya janye. Kuɗin lantarki, gyaran na'ura, albashin mai kula da littattafai, duk sun dawo wuyanmu.

Sannan ku tambayi ɗalibai goma a kowace makaranta, a Yamai ko a Maraɗi, wa ya taɓa ganin Cabascabo? Za su lissafa muku jaruman Kano da na Bombay ba numfashi, amma Ganda sai dai su ce sunan wani gidan wasa ne. Laifin ba nasu ba ne, ba wanda ya nuna musu.

Don haka roƙona uku ne. Ga hukuma: a ware wa gidan nan kasafi tsayayye, a kuma nemo kwafin finafinan magabatan nan duk inda suke ajiye, a riƙa nuna su ko da sau ɗaya a wata. Ga malaman makaranta: ku kai yara, su ga kwaɗon Alassane da idonsu. Ga masu shirya fim na Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram: in kun gama sabon aiki, ku kawo shi dandalin nan a haska a gaban jama'a, a tafa muku ko a yi muku gyara ido da ido. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma masu saurare, duk wanda ya taɓa kallo a Franko, ko a silimar garinsu da yanzu ta zama shago ko sito, ya aiko mana da labarinsa: wane fim ne, nawa ya biya, wa ya kai shi. Za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.