Kada Mu Sayar Da Kwabon Kaka A Cikin Duhu



Mu da muka tashi a Batsari da Safana, da wuya a sami wanda bai taɓa ganin kwabo mai huji a cikin adakar kakarsa ba. Bayan da naira ta maye gurbin fam da sule a ran 1 ga Janairu 1973, waɗannan kuɗi suka daina sayen ko ƙuli-ƙuli. Daga nan wasu suka tafi maƙera, wasu kuwa 'yan gwangwan suka saye su a kan awo. Daɗa ga gudun hijirar da ya tashi ƙauyuka a bakin dajin Rugu, an bar adaka da abin da ke cikinta. Alhali kuwa akwai masu tara tsofaffin kuɗi a duniya da ke neman wasunsu ido rufe.

To, yaya za mu gane na nema? Da farko mu sani tsufa kaɗai ba ya sa daraja. Dalar azurfa ta Mariya Tareza tana ɗauke da shekarar 1780, amma an yi ta sake buga ta da wannan shekara har bayan ƙarni biyu. Haka kuma kwabon 1936 mai sunan Sarki Edwad na Takwas: ko da yake bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba, an buga kwabon da yawan gaske.

Abin da ya fi wuyar samu shi ne kwabon da aka yi kuskure wajen buga shi. Da hatimi biyu ake buga kowane kwabo, ɗaya na gaba, ɗaya na baya. Wani lokaci ma'aikaci yakan haɗa tsohon hatimi da sabo. Ga misali: Sarki Joji na Shida ya rasu a 1952, amma akwai kwabon 1956 da ya fito da sunansa maimakon na Sarauniya Elizabet. Watau marigayi ya sa hannu a kuɗi bayan shekara huɗu da binne shi!

Saboda haka mu duba abu uku. Mu gwada shekara da sunan mai sarauta. Mu nemi ɗan harafin nan, H ko KN, mai nuna masana'antar da ta buga shi a Bamingam. Kana mu lura ko hujin ya kauce daga tsakiya. Kada kuma mu kuskura mu goge shi da toka ko lemon tsami. A wurin masana, gogaggen kwabo ya zubar da darajarsa.

Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Idan mun koma gida hutu, mu roƙi kaka ta buɗe mana adaka, mu rubuta abin da muka gani, kafin mai buhu da sikeli ya riga mu.